Allurar Gangamau da Saniyar Bappa Hammadu

Ni ɗan Jimeta ne, kuma ban tashi da halin ɓera ba. Mahaifina masunci ne, bai taɓa ciyar da mu haram ba. A zamanin da muke cikin Jihar Arewa maso Gabas na sami aikin lebura a asibitin dabbobi. Aikina in riƙe saniya idan za a yi mata allura, in kuma wanke kwalabe.

Da damina kaska takan yi yawa, ta sa wa shanu ciwo a cikin jini. Saniya ta yi zazzaɓi, ta ƙi kiwo, nono ya ƙafe, fitsarinta ya koma ja. Maganin da likita ke tsira mata launinsa ruwan ɗorawa ne. Na fara da tattara ɗan abin da ya rage a gindin kwalba ina sayar wa makiyaya a bayan katanga. Na ce wa kaina ai abin zubarwa ne. Da na ɗanɗana kuɗin, sai ragowar ta daina isa ta. Na riƙa cika kwalaben da ruwan rijiya da garin gangamau, launin ya fito sak. Na ɗinka kaki, na ari keke, na shiga rugage. Ni da ko sunan maganin ban iya karantawa ba, sai ga shi ana ce mini Dokta, ina amsawa har da gyaran murya.

A Mbamoi na haɗu da wani dattijo, Bappa Hammadu. Shanunsa sun ƙare tun wata annoba, sai wani amininsa ya ba shi aron saniya irin na al'adar Fulani: ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, daga baya ya mayar da uwar. Da nonon saniyar nan matarsa ke ciyar da gidan. Kullum da safe yakan durƙusa ya bi kunnuwanta da hantsarta da ƙarƙashin wutsiya, yana cire kaska da hannu.

Na ce masa, “Bappa, wannan wahala ta mutanen da ce. Allura ɗaya, ka huta da tsintar kaska har kaka.”

Ya ce, “Dokta, saniyan nan ba nawa ba, amana ne. Ka tabbata?”

Na rantse masa. Na faɗi haka ne kawai don in ƙara wa kayana daraja, shi kuwa ya ɗauka, na tsira wa saniyar allura, ya daina cire kaska.

Kafin damina ta raba, fitsarin saniyar ya yi ja. Ya aiko aka kira ni. Da na ce ya garzaya asibiti, da wataƙila ta tashi, amma tsoron tonon asiri ya hana ni. Na sake tsira mata ruwan gangamau, na hau kekena. Ta mutu da ciki.

Aminin nan mai saniyar ne ya ɗauki kwalbar da na bari a can ya kai wa likita. Aka kama ni a kasuwa, alƙali ya aika ni gidan yari. Ba saran dutse ko tuwon fursuna ne suka fi ci mini rai ba, rantsuwar nan ce. A can na ɗaura niyya cewa in na fita da rai, sai na ɗaure saniya a ƙofar dattijon nan.

Da aka sake ni na neme shi. Na same shi a Jimeta yana gadin gidan wani ma'aikaci, kunya ta hana shi zaman Mbamoi. Na durƙusa na roƙi gafara.

Ya ce, “Kai na yafe tun da daɗewa. Kaina ne ban yafe ba. Hannuna ya san kaska tun ina yaro, na ajiye shi don maganar mai kaki.”

Na yi kuka ranar. Washegari na shiga dako a bakin kogi, buhun gyaɗa da na gishiri, shekara da shekaru, ana yi mini dariya ana ce mini Dokta. Ban kula ba. Ranar da kuɗi suka cika, na sayi karsana na jawo ta zuwa gabansa. Durƙusawa ya yi da ƙyar, ya kama kunnenta ya duba ciki.

Samari, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Kada ku raina ragowar gindin kwalba, daga nan tawa ta fara. In ba ku san abu ba, ku ce ba ku sani ba, kada ku rantse a kan abincin gidan wani. Ni na biya karsana, amma shekarun da tsohon nan ya yi a bakin ƙofar wani, ba ni da inda zan saye su.