Awon Jinin Indo a Gammo

Getso zuwa Kabo

Ranar Asabar ina sallame sallar asuba na fita daga Getso. Ƙanwata Indo da ke aure a Gammo ce ta fitar da ni. Tun damina take fama da ciwon kai da jiri, mijinta Malam Sale yana ta cewa a bari a gama kaka tukuna. Sai jikata Rukayya, mai karatun likita a Kano, ta bugo mini waya cewa ƙungiyarsu ta ɗalibai za ta je Gammo awon hawan jini kyauta. Na aika wa Indo ta shirya.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Gwarzo. Direban motar Kabo ya cusa mu a baya, ya ɗora mini buhun wake a ƙafa. Na ce masa ni ba kaya ba ce. Ya ce in yi haƙuri, mai ya yi tsada.

Kabo zuwa Gammo

Da hantsi bas ɗin ɗaliban ta iso Kabo, na shiga. Yara ne masu ladabi, gaisuwa har ƙasa. Shugabansu wani dogo ne, Nura. A hanya na ji cewa su suka yi karo-karo suka sayi maganin, na sa musu albarka.

Gammo

A makarantar firamare aka yi musu shimfiɗa. Gaisuwa da jawabi da fura suka cinye safiya. Da aka ja layi na duba, kusan duk maza ne. Indo ba ta nan. Can sai ga Malam Sale ya zauna gaban Nura yana naɗe hannun riga.

"Na Indo na zo karɓa," in ji shi. "Tana gida tana ɓarar gyaɗa. Auna ni kawai, ai abincinmu ɗaya."

Yaron nan ya yi murmushin kunya, ya ɗaura masa abin awon, ya miƙa masa maganin ciwon kai. Na bayansa ma na matarsa ya zo karɓa.

Na ce, "Sale, kan da ke ciwon a wuyanka yake?"

"Yaya, ke dai ba kya canzawa."

Na juya kan Nura. Ya ce ya san ba daidai ba ne, amma dattijo ne, ya girmi mahaifinsa, ta yaya zai mayar da shi a gaban jama'a? Na ce to ladabin nan nasa ya ajiye shi a mota, masu ciwon suna cikin gidaje. Sai ya kira 'yan matan ƙungiyar ya raba su unguwa-unguwa.

Ni na ja Rukayya. Mun tarar da Indo a jingine da rumbu, ido jawur, tana ɓara da lalube. Rukayya ta auna, ta sake aunawa a ɗaya hannun, ta daina fara'a. Ta ce yau ɗin nan sai asibiti. Malam Sale da ya biyo mu ya tambayi wa zai yi tuwon dare. Na ɗauko mayafin Indo.

Komawa

Bayan la'asar bas ɗin ta sauke mu a asibitin Kabo, aka ba Indo gado. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, shanyewar ɓarin jiki ake tsoro. Na yi jinyarta har jirin ya lafa, sannan na taho da ita Getso, tana ɗakina tana shan magani.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa yaran nan, Allah ya ba su sa'ar karatu, ya rage musu kunya kaɗan. Matan ƙauyukanmu, in sun zo garinku ku fito da ƙafarku. Malam Sale ya aiko yana tambayar ranar dawowarta. Na ce a gaya masa sai ya gama ɓarar gyaɗa.