Katin Mai Wushirya

Ranar wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da nake aji uku na firamare a Roni. An sauko daga masallaci, ƙasa na ta ƙamshin ruwan da aka yi da safe, muka tsaya a teburin Malam Ilu mai tireda, ni da yayana Sabi'u. Ya sayi cingam irin wanda ake naɗowa da ɗan kati mai hoton ɗan ƙwallo. Ya ɓare ya miƙo mini cingam ɗin, don shi zaƙin bai dame shi ba, katin yake so. Yana juya shi yaran da ke wurin suka kwashe da dariya. Wani ɗan wasa ne baƙi, mai faɗin goshi da wushirya, yana murmushi da gefen baki guda. Malam Ilu ya karɓa ya duba, ya ɗago ya dubi yayana, ya ce, "Kai Sabi'u, yaushe ka je Turai ba ka yi mana sallama ba?" Daga ranar katin ya rasa sunansa, kowa Sabi'u yake ce masa.

A wancan lokaci katin cingam ya haukata yaran garinmu. Da shi muke zuwa kiwon awaki, da shi muke zuwa ɗebo ruwa, har a gona ana maimai za ka ga yaro ya ajiye fartanya yana laluben aljihu. In an fita hutun ƙarfe tara sai mu kewaya bayan aji ƙarƙashin darbejiya, kowa ya kifa nasa a ƙasa, a riƙa bugun gefensa da tafin hannu, wanda ya birkice ya zama na mai bugu. Kuma katunan ba ɗaya suke ba. Akwai gama-gari, wanda ko goruba aka ba ka ka ci riba. Akwai mai wuyar fitowa, wanda yaro zai karɓar maka sharar aji don kawai ya mallake shi. Shi kuwa mai wushirya ba a sake ganin irinsa ba a duk Roni. Wani ɗan gidan masu hali har ƙwallon roba sabo fil ya kawo, Sabi'u ya ce ko keke ne ya riƙe abinsa. Bai taɓa kifa shi a wasa ba. A cikin gwangwanin madara yake ajiye shi tare da sauran, ya cusa tsakanin azarar ɗakinmu. Ni ma na san dalili. Babu mai hoto ko ɗaya a gidanmu. Mai ɗaukar hoto sai Kazaure, kullum Baba cewa yake sai an sayar da gyaɗa zai kai mu, gyaɗar kuwa kafin a sayar an gama rabon kuɗinta.

Ana fara cirar gyaɗa zazzaɓi ya kwantar da Sabi'u. Aka kai shi asibiti a Kazaure aka dawo, aka yi rubutu, aka yi jiƙo, idanunsa suka koma rawaya, ko koko ba ya zama a cikinsa. Ana haka Gwaggo Hanne, yayar Baba, ta zo dubiya daga Gwiwa. Ta zauna bakin tabarmarsa tana ta kallon ɗakin, can ta ce wa Inna, "Anya babu hoto a ɗakin nan? Kin san mala'ikun rahama ba sa shiga inda hoto yake." Inna ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sabi'u da kansa ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna azara.

Da rana tsaka ne, tukunyar tuwo na kan murhu. Inna ta juye gwangwanin a wuta, na yi wuf na zare mai wushirya kafin ya kama. Na roƙe ta ta bar mini shi kaɗai, na ce zan kai shi rumbu, ko gidan Malam Ilu, ba zai sake shigowa gidan ba. Ta karɓa ta duba. Ba ta taɓa ganinsa ba sai ranar. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wannan ne ma bai kamata ya zauna ba." Ta tura shi cikin garwashi da yatsunta. Na ga goshin ya nannaɗe, wushiryar ce ta ƙarshen ƙonewa. Na yi fushi da ita ƙwarai, amma ban riƙe ta a zuci ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ba a gama tsinkar gyaɗa ba muka kai Sabi'u makwancinsa bayan la'asar.

Yanzu ina aiki a Kazaure, Inna na zaune a gidana, ta tsufa. Kwanan baya 'yata Zainab ta nuna mini a waya yadda a Amurka ake rububin tsofaffin katunan wani wasa da suke buga ƙwallo da kulki. Wai guda ɗaya sai ya sayi gida, amma sai wanda kusurwarsa ba ta lanƙwashe ba, wanda aka rufe a roba hannu bai taɓa shi ba. Na yi dariya, don namu gumi da man ƙuli sun mai da su baƙaƙe, kyauta ma ba za su karɓa ba. Inna na gefe tana jin mu. Bayan Zainab ta tashi sai ta kira sunana a hankali, ta ce, "Wai ta wane gefe Sabi'u yake murmushi? Na neme shi na rasa."

Na ce mata ta hagu. Na kwatanta mata goshin, na kwatanta wushiryar, tana gyaɗa kai tana share ido da bakin mayafi. Sai da na gama na gane ba yayana na kwatanta ba, katin ne. Jikokin Inna kowanne hotonsa ya cika waya tun ranar suna, ita kuwa ɗan da ta rasa sai a bakina take nemansa. Ni ma in na rufe ido na kira shi, baƙon nan ne yake zuwa cikin rigar ƙwallo, yana murmushi. Har yau ban san sunansa ba.