Jar Motar Alhaji Bala da Tsohuwar Dakta Samira

Cikin shekarun da na yi ina duba motoci a garejin maigidana Usta Hamdi da ke unguwar Abbasiya a Alƙahira, ranar da ba na mantawa ita ce wadda muka haɗa musayar Alhaji Bala.

Alhaji Bala ma'aikaci ne a wani ofishin jakadanci a Mohandessin. Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta masu son gudu, ya gaji da ita. Ya ji labarin wata tsohuwar Bajamushiyar mota, baƙa, wadda ta girme ni, a hannun Dakta Samira, likita mai ritaya a Wustul Balad. Ta marigayi mijinta ce. Ta ce ba za ta sayar ba, sai dai musaya.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku sani kafin a je Murur, wato ofishin rajistar motoci, sai an duba lambar shasi da ta inji an ga sun dace da takarda. Wannan aikina ne.

Da hantsi muka isa gidan Dakta, ni da Usta Hamdi da Alhaji. Na buɗe gaban tsohuwar motar, na goge maiƙo, na karanta lamba har sau biyu. Ba ta dace ba. An taɓa canza injin, kuma a wajen masu son tsofaffin motoci wannan babban naƙasu ne.

Usta Hamdi ya gani a fuskata. Ya taka min ƙafa, ya raɗa min, "Khalas, ya isa, Isiyaku, rufe."

Na san wata biyu ya yi yana neman wannan ciniki. Amma na juya wajen Alhaji na ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, injin nan ba na asali ba ne."

Dakta ta tambaya me na ce. Na maimaita mata da Larabci ina jiran faɗa. Sai ta kwashe da dariya.

"Ai ni na ƙona na farkon, a hanyar Iskandariya! Shekara guda mijina bai bar ni na taɓa makulli ba."

Ta hau sama ta sauko da takardar canjin, da hatiminta.

Alhaji ya shafa sitiyari ya ce, "Malam Isiyaku, a irin wannan babana ya koya min tuƙi a Zariya. Ko injin niƙa ne a ciki, ina so."

Saura gwajin jar motar. Na tambayi Dakta ko jikanta zai zo ya gwada. Ta kalle ni ta saman gilashi.

"Wane jika? Yalla, shiga."

Ni da nake tuƙi a Alƙahira kullum, ranar sai da na riƙe kujera da hannu biyu ina salati. Muka dawo tana cewa, "Tamam, tamam," wato motar ta yi mata.

A makon aka gama takardu. Usta Hamdi ya yi kwana biyu yana ɗaure min fuska, daga baya duk motar da ta shigo ni yake fara kira.

Tun lokacin na daina yanke wa mutum hukuncin abin da ya zo nema. Naka shi ne ka faɗi abin da idonka ya gani a cikin injin, ka bar masu mota su zaɓa.