Neman Kofin Keken Baba, Daga Kebbe Zuwa Dogon Daji

Kebbe

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na hau kabu-kabu na bar Kebbe. A aljihuna akwai fasasshen kofin da ke riƙe sandar feda ta keken Baba, tsohon keken Ingila da ya girme ni. Mai gyaran garinmu ya gwada sabon kofi, ya ƙi shiga, ya ce a buga da guduma a yi walda. Baba ya hana. Wata biyu ke nan yana zuwa gona a ƙasa, ga ciwon gwiwa.

A shingen hanya ɗan sanda ya duba ƙarfen, ya ce, "Don wanga abu kaka wahala?" Na ce don shi.

Tambuwal

Mun iso takwas saura kwata. Na sha koko da ƙosai, na shiga kasuwa. Masu kayan keke uku suka rantse nasu daidai ne. Na huɗu, Malam Garba, dattijon mai gyara, ya nemi sabulu. Ya danna kofina a kan sabulu, ya danna sabo a gefe, ya ari tef ɗin tela, ya ƙirga layukan zaren da suka fito a jikin sabulun da tsinin allura.

"Naka zare ashirin da shidda ga inci. Na kasuwa ashirin da fuɗu. Juyi biyu za ya shiga, na ukku ya cinye zaren keken, shi ke nan. Tsohonka ya san abin da shika yi. Tahi Dogon Daji, ka nemi Ɗanjuma mai lambu. Ƙyauren lambunai gangar keke ce irin taku."

Dogon Daji

Bas ta sauke ni goma da rabi. A bakin lambun, ga gangar keken ɗaure da waya, tana tare awaki.

Da na ce zan saya, Ɗanjuma ya yi dariya. "Malam, albasa nika saidawa, ba ƙyaure ba!"

Da ya ji labarin Baba, ya kawo kananzir. Awa guda muna jiƙa tsatsar kafin kofin gangar ya motsa. Ɗanjuma ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in dai bar masa ƙyaurensa a tsaye.

Gida

Na iso Kebbe bayan la'asar. Baba ya goge kofin da gefen rigarsa, ya murza da yatsu kawai. Ya shige sumul har ƙarshe. Baba ya dubi mai gyaran garinmu da ya zo kallo, ya ce, "Ina gudumar?"

Washegari a kan kekensa ya tafi gona. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Malam Garba da Ɗanjuma, Allah ya saka da alheri.