Wasiƙar da Na Aika wa Ɗan Farina

Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini. Kafin yau sau ɗaya tak na taɓa sa aka yi mini rubutu, kuma labarinsa nake son bayarwa.

Garinmu na ƙasar Maradun ne, a bakin gulbi. Da aka yi dam ɗin Bakolori ruwa ya cinye shi, da fadamar da muke noman shinkafa, har da kusheyin iyayenmu. Aka maida mu kan tudu, jar ƙasa mai tsakuwa, gero ma sai ya ga dama yake yi. Maigidana ya yi damina biyu yana fama da ita. Babban ɗanmu ya ga abin da ake girbewa ba ya riƙe gida, sai ya bi masu kai shanu Kurmi, ya zauna can yana aiki a kara, kasuwar shanu.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka tashi muka iske. Ba kya yi masa dariya a gaban mutane, in ya faɗi ba ke za ki ɗaga shi ba. Ranar da zai tafi ina daka. Ya ce, "Inna, ni zan tahi." Na ce, "To." Ban aje taɓarya ba.

Bayan kaka ƙafafun maigida suka kumbura, daga nan ciki. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu ya sha, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Ya daina fita masallaci. Wata safiya ina ba shi kunu, ya ture ludayin ya ce, "Ina son ganin yaron nan. Akwai maganar da zan yi da shi." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Amma kada ki tada mai hankali."

A wajenmu in ciwo ya kama mutum, ɗan aike ake tayarwa. A ce ya je Faru ko Bakura ya ce wane yana jin jiki, amma da sauƙi. Ba mai cewa ciwo ya yi tsanani, don kamar kana kiran abin ne da bakinka. Sai dai ɗan aiken ya ga majinyacin da idonsa. In ya isa, ya ƙi hawa tabarma, ya sha ruwa a tsaye, ya faɗi "da sauƙi" ɗin ƙasa-ƙasa yana duban ƙafarsa, to an ji. Kafin ya rufe baki ana neman takalmi. Ba mu taɓa ɓata da wannan ba.

Amma Kurmi ba a zuwa da ƙafa. Maƙwabciyata ta ce akwai mai rubuta wasiƙa a kasuwar Talata Mafara, direbobin shanu kuma suna kaiwa. Ran kasuwa ta raka ni.

Muka same shi a wata rumfa kusa da kara, dattijo ne mai tabarau, ya ɗora takarda a kan akwati. Maza uku na zaune suna jira, ga wata mai daddawa da ta san mu tun a tsohon gari. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya.

Ya ce, "Inna, ga wa za a rubuta?"

Na dubi ƙasa. Maƙwabciyata ce ta faɗi sunan.

Mai daddawa ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke, kunyar ɗan fari har ga takarda? Ai ba ta da ido!" Mazan ma suka dara.

Malamin ya rubuta gaisuwa, ya ce, "Sai mi?"

"Ka ce tsohon na jin jiki."

"Jin jiki iri-iri ne, Inna. Mai mura ma na jin jiki. Yana tashi da kainai?"

"Sai an tashe shi."

"Yana ci?"

"Kunu. Ludayi biyu."

Ya aje alƙalami. "To in sa ciwo ya yi tsanani, shi zaka maza-maza."

Na ji in na amsa, kamar na yanka wa mijina likkafani ne da bakina a tsakiyar kasuwa. Ga kuma kunnuwa, gobe a ce wance ta kasa haƙuri, tana kiran ɗan farinta a bainar jama'a.

Na ce, "Subhanallahi, Malam. Ka ce da sauƙi."

"Inna, abin da nis sa shi za a karanta mai. Takarda ba ta rage murya."

"Ɗan gida ne, ya san magana. Ka ce in ya samu hali shi leƙo."

Ina faɗa hawaye na jiƙa mini mayafi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya rubuta. Sannan ya karanta mini: "Mahaifinka yana jin jiki, amma da sauƙi. In ka samu hali ka leƙo." A bakinsa maganar ta fito sumul, kamar ana faɗin an yi ruwa a Garbadu. Kalmomina ne, bai rage ko ɗaya ba, amma ba ni a cikinsu. Na ji haka, wallahi na ji. Ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi."

Daga ranar, duk ƙarar motar da maigida ya ji sai ya ɗaga kai. "Shi ne?" In ce ta itace ce, ko ta masu aikin dam. Da na ga jikin na ƙara saki, na ce ya gaya mini maganar in aje wa yaron. Ya ce, "Ba ta mata ba ce. Yana tahe." Ya rasu wata Alhamis da hantsi, da maganarsa a ciki. Har yau ban san ko ta gona ce, ko ta ƙannensa, ko yafiya ce kawai.

Ina cikin takaba yaron ya iso, da bargo sabo da ƙunshin goro ya kawo wa ubansa. A tasha aka yi masa gaisuwa, a nan ya ji. Ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, mata masu gaisuwa cike da ɗakin. Ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa.

Ya ce, "Inna, mutum uku na kai ma wagga takarda. Duk sun ce da sauƙi. Har na ce su duba bayanta ko akwai saura. Ubangidana ya ce in bari a gama saida shanun, tunda da sauƙi." Sannan ya ce, "Mi yas sa ba ki ce in zaka ba?"

Ina da amsa. Tana nan a maƙogwarona, tare da sunansa. Na dubi matan, na ja mayafi na ce, "Kwana ne ya ƙare."

"Ya bar min magana?"

"Bai faɗa ba."

Ya jima a durƙushe, sannan ya aje bargon a bakin ƙofa ya fita. Kwana bakwai ya yi, kullum yana maƙabarta. Ran na takwas ya yi mini sallama daga tsakar gida, ya koma.

Bai sake kwana a gidan nan ba. Duk sallah direbobi sukan kawo mini turmin zane da sabulu, su ce yana lafiya, yana gaisuwa. Aka yi shekaru haka, sannan aiken ya tsaya. Na sa an tambaya a kara, aka ce direbobin da suka san shi wasu sun rasu, wasu sun bar aikin. Sababbin kuwa suka ce in faɗi sunansa da garin da yake. Ɗiyata ta faɗi sunan. Garin kuwa ba mu sani ba, Kurmi kawai muka sani.