Godiyar Ɗan Fari a Zandam

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar Birnin Kudu, ni da abokin aikina. Ba mu daɗe da dawowa daga Cadi ba, inda muka yi aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti na mutanen da fari ya koro. A can, jifa-jifa wani direban babbar mota yakan miƙo mini ƙulli daga gida: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, wani sa'in har da man shanu a gwangwani. Wanda bai yi wata da watanni yana cin tuwon wasu ba, ba zai gane abin da warin daddawa ke yi wa zuciya ba. Direbobin sukan ce, "In ji Goggonka ta Gwaram." Ni kuwa tun ƙullin farko na san hannun Inna ne, mahaifiyata, don ba mai cika citta a yaji haka sai ita.

To, ni ne ɗanta na fari, asalinmu kuma Fulani ne. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Abin da ya fito da ni ke nan, in kai mata godiya har Zandam, ban kuwa san ko za ta tsaya ta ji ba. Abokina ya ce dole ya raka ni, tunda rabin ƙullin nan a cikinsa ya ƙare.

Muka sami ƙaramar bas, kiya-kiya, sabuwa fil, irin waɗanda kuɗin fetur ya cika tasha da su, amma direban ya cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Kaka ce, dammunan gero jingine a gonaki, shanu sun bazu a kan kara. Kwalta ta ɗan taka mana sannan ta sallame mu, daga nan sai gargada. Wani dattijo kusa da ni ya rungume sabuwar rediyo, ya ƙi kunnawa don kada batir ya ƙare. A wani ƙauye mata suka kawo dafaffen ƙwai da rake. Kuɗin ƙwai ya ninka yadda na bar shi. Naira ta zo, amma bakin mutane har yau yana kan sule da fam, kowane ciniki sai an yi shi sau biyu.

Da hantsi muka shiga Gwaram, muka tarar ranar kasuwa ce. Mun sha fura da nono mai kauri a bakin kasuwa, abokina ya ƙara da tsire, wai yana ramuwar Cadi. Daga nan muka wuce gidan Goggo, na durƙusa na fara jero godiya.

"Kai, tashi," in ji ta. "Ni suna kawai na ba da aro, ka fi kowa sani. In kuwa ka doshi uwarka da wannan godiyar, ɗaki za ta shige, ka yi asarar kuɗin mota. Bari in ɗauko mayafina."

Motar Zandam a-kori-kura ce ta 'yan kasuwa. Aka sa Goggo a gaba, mu muka hau baya tare da awaki biyu da buhunan gishiri. Wata akuya ta ɗanɗana gefen rigar abokina, mai ita ya ce ai ba ta saba ganin yadi mai tsada ba ne.

Mun sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta tari Goggo da murna, ta gaisa da abokina har da tambayar iyayensa. Da na gaishe ta, sai ta gyara zama ta ba ni baya, ta ci gaba da aikinta. Na saba, amma ranar abin ya sosa mini rai.

Goggo ta zauna a tabarma, ta nuna mini gabanta. "To, yi mini godiyar tawa a nan. Ka ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Kunnen Goggo lafiyarsa ƙalau. Na fuskance ta na faɗi komai: yadda muke tsimin daddawar nan kamar magani, yadda zazzaɓi ya kayar da ni na kasa cin komai sai miyar kukar gida, yadda nake ajiye tsumman ƙullin a ƙarƙashin matashi. Na ce Allah ya saka wa hannun da ya daka, ya ɗaure, ya aiko. Ina cikin magana na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya.

Da na yi shiru, Inna ta ce wa Goggo, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, ki ce masa an ji. Ki kuma ce ya rame, ya ci abinci kafin ya tafi."

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Muka ci tuwon gero da man shanu, na ci har na ƙoshi, na ƙara.

Da la'asar muka juyo, muka sauke Goggo a Gwaram, magariba ta yi mana a Birnin Kudu. Na tafi ina fatan ko sau ɗaya Inna ta dube ni ta kira sunana, ban samu ba, na kuma daina nema. Tun dawowata daga Cadi na gaisa da mutane ba iyaka, kowa ya dube ni ido da ido ya ce na yi kyau, na yi fes. Wadda ta ba ni baya ce kaɗai ta ga na rame.