Sunan da Inna Ba Ta Kira

A Minguettes, unguwarmu a ƙasar waje, ba mu da murhu, sai ƙarfen shofaj mai ɗumama ɗaki da ke jikin bango. Nan Kaka, da ta zo daga Damagaram jinyar ido, take jingina bayanta bayan tuwo, ta ce mini, "Maigidana, matso. Ga ta nan, ko ba ka ce ta zo ba za ta zo."

Tatsuniyar da ta fi yi ita ce ta matar da Dodo ya sace wa ɗan fari. Dodo ya tsaya tsakiyar gari ya ce, "Uwar ta kira sunansa, in sake shi." Ga surukai, ga dattawa, kowa ya zuba mata ido. Kunya ta ɗaure bakinta, Dodo ya wuce da yaro. Kaka ta kan tafa hannu ta ce, "Ka ga 'yar halak! Kunya adon uwa." Ni kuwa ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wannan yaron" take cewa, matan benenmu na yaba mata.

Wata rana na faɗi a matakala, na je lakwal, makarantarmu, da kumburarren goshi. Aka turo wata ma'aikaciyar kula da yara gidanmu, ga maƙwabta cike da falo sun zo dubiya. Ta ce wa Inna, "Madam, yaya sunan ɗanki?" Inna ta sunkuyar da kai. Matar ta sake tambaya, ta yi rubutu. Wallahi duk masu cewa ɗa na kowa ne babu wanda ya buɗe baki ya bayyana mata al'adar. Baba ma bai kiran sunana, amma shi ba wanda ya tambaye shi. Aka kai ni gidan renon gwamnati, na yi watanni. Matan da ke yabon Inna su ne suka koma cewa, "Haba, ita ma ta cika ƙauyanci."

Har yau in na ji masana a Paris suna kwarzanta yadda al'ummarmu ke renon ɗa tare, raina ɓaci yake. Tare ake cin yabo, laifi kuwa na uwa ne ita kaɗai.

Da na girma na tambaye ta, "Inna, sau ɗaya ma ya gagara?"

Ta kalli hannunta, ta ce, "Kullum ina kira. A banɗaki, in na buɗe famfo, don kada a ji."